Yadda Na Raba Kajina da Tsallake Katanga

Ina zaune a Unguwar Dosa a cikin garin Kaduna, kuma shekara shida ke nan ina kiwon kajin Hausa a bayan gidanmu, domin ƙwan da yara za su ci da kuma abin yankawa idan baƙo ya sauka ko salla ta zo. A lokacin da wannan al'amari ya taso ina da kaji 9 da zakaru 2. Filin da suke kiwo yana kewaye da doguwar katanga ta ɓangare biyu, ginin gidanmu ya tare ɓangare na uku, amma ta gabas, inda muka yi iyaka da wani dattijo da duk unguwa ke kira Baba, katangar jeri biyar ce kawai ta bulo, wato tsayinta bai wuce ƙafa 4 ba. Shekaru muka yi a haka ba tare da wata matsala ba, saboda bayan katangar fili ne da babu komai a cikinsa sai ciyawa. Da Baba ya yi ritaya daga aiki sai ya haƙa rijiya, ya gyara filin, ya shuka alayyahu da latas da yakuwa da ɗan tumatir a farkon rani, kuma tun daga ranar da ganyen ya fara tsirowa hankalin kajina ya koma can.

Karo na farko jikansa ya aiko da kaza a hannu, aka ce a gaishe ni. Karo na biyu ma haka. A karo na uku Baba da kansa ya yi sallama a ƙofar gida, ya tsaya a zaure, ya ce mini: “’Yata, ba faɗa na zo yi ba, amma ki leƙa ki ga abin da suka yi wa latas ɗin nan.” Na sa mayafi na bi shi, na ga kunya huɗu an tone su har saiwa, ƙananan tsirrai a warwatse suna bushewa a rana. Kunya ta kama ni ƙwarai, domin na san kuɗin fanshonsa ya zuba a wurin, kuma da guga yake jan ruwa safe da yamma yana ban ruwa. Na ba shi haƙuri, na yi alkawarin cewa kafin mako ya zagayo zan magance abin. Na ɗauki wannan alkawari ban san ta inda zan fara ba, kuma gaggawar cika shi ce ta sa na kashe kuɗi mafi yawa a kan matakin da ya fi kowanne ƙarancin amfani.

Da maigidana ya dawo daga Zariya a ƙarshen mako muka yanke shawarar ƙara tsawon katangar. Muka kira birkila, ya auna ya ce tsawonta mita 10 ne, kuma jeri uku za su kai ta ƙafa 6. Muka sayi bulo 70 da siminti buhu 3 da yashi, muka biya kuɗin dako da kuɗin aiki, jimilla ta kusan kai naira 95,000. Aikin ya ɗauki kwana biyu. Kwana uku da gamawa babu kazar da ta fita, har na aika wa Baba cewa ya kwantar da hankalinsa. A rana ta huɗu da hantsi na leƙa ta taga, sai na ga wata kazata wake-wake a tsaye a kan sabuwar katangar tana kallon lambun, kafin in fito ta dira ciki, wasu biyu kuma suka bi ta.

A wannan karon ɗan Baba ne ya gan su, kuma shi ba shi da sanyin halin mahaifinsa. Ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka aiko mana da saƙon mu je bayan la'asar. Mun jira fiye da awa ɗaya a ƙofar gidansa saboda akwai wata rigimar magudanar ruwa a gabanmu, kuma a duk tsawon zaman nan zuciyata a ƙuntace take, domin ban taɓa zaton kaza za ta kai ni gaban mai unguwa ba. Da aka kira mu ya saurari kowa a tsanake, bai nemi takarda ko kuɗi ba. Ya tunatar da mu cewa rigimar dabba da shuka tsohuwar aba ce, tun da har a Alƙur'ani an ba da labarin hukuncin Annabi Dawud da Annabi Sulaiman a kan tumakin da suka shiga gonar mutane, sannan ya ce a cikin gari, inda gida ke manne da gida, mai dabba shi ne zai tsare dabbarsa. Maigidana ya ce: “Ranka ya daɗe, mun amsa laifinmu, a ƙiyasta ɓarnar mu biya.” Aka ƙiyasta naira 6,000, amma Baba ya ƙi karɓa, ya ce zo mu zauna zo mu saɓa ne. Washegari na sayi irin latas da na alayyahu na kai wa matarsa, ita ce ta lallashe shi ya karɓa. An ba mu mako biyu mu kawo ƙarshen matsalar, ni kuwa na kulle kajin a akurki, wanda ya yi musu ƙanƙanta matuƙa, har suka fara tsattsage gashin juna.

Shawarwari suka yi ta zuwa daga maƙwabta. Wata ta ce in ɗaure ƙafar kowace kaza da igiya a jikin turke, wata ta ce in fige musu gashin fiffike gaba ɗaya kamar yadda ake yi a ƙauyensu, wani kuma ya ce a dasa fasassun kwalabe a kan katangar. Na gwada igiyar a kan kaza ɗaya na yini guda, da yamma na tarar ta nannaɗe kanta a jikin turken, ƙafar ta kumbura, ba ta kai ga ruwan sha ba. Na kwance ta na yi niyyar ba zan sake ba, kuma a daren na yanke shawarar zuwa asibitin dabbobi.

Na isa asibitin da ƙarfe 9 na safe, aka ce likitan ya fita duba shanu a wani ruga, na zauna a benci tare da masu awaki da wani mai kare har ƙarfe 11 da rabi. Na yanki kati na naira 500. Da na shiga na yi masa bayani, bai raina abin da ya kawo ni ba, sai dai ya ce irin wannan aiki da ido ake koyonsa, in dawo gobe da kazar da ta fi kowace fitina. Tambayoyin da ya yi mini kafin in tafi su ne suka fara buɗe mini ido: me ke kusa da katangar, da wane lokaci suke fita, zakaru nawa gare ni, kuma a ina suke yin ƙwai. Ban iya amsa ko ɗaya da tabbaci ba. Ya ce: “Hajiya, yau idan kin koma ki sake su, ki sami kujera ki zauna kawai ki kalle su.”

Zaman da na yi a wannan yammacin ya koya mini abin da naira 95,000 ba ta koya mini ba. Babu kaza ko ɗaya da ta tashi daga ƙasa kai tsaye ta haye katangar. Wake-waken ta fara hawa kan duron ruwa, daga nan ta yi tsalle zuwa rufin akurki, daga rufin kuwa abin da ya rage zuwa saman katangar bai fi ƙafa 2 ba. Wata ta bi ta kan tarin itacen girki, wata ta hau reshen dalbejiyar da ya sunkuyo. Na kuma lura cewa kowace sai ta sauka a kan katangar ta tsaya ta duba ƙasa tukuna kafin ta dira, wato faɗin bulon nan da muka ƙara shi ne ya zama musu wurin hutawa. Na ga ƙaramin zakaran yana korar sagarun ba ƙaƙƙautawa, kuma biyu daga cikinsu gudunsa suke yi idan suka haye. Fingina da durguna kuwa ko kallon katangar ba su yi ba, domin gashin fingi a murɗe yake ba ya riƙe iska, ita kuma durgu ƙafafunta gajeru ne. Da na bi wake-waken cikin lambun da izinin Baba, sai na tarar da ƙwai 7 a ƙarƙashin zogalensa, a wani lungu mai duhu. Makonni na yi ina zaton ta daina ƙwai, ashe maɓoya ta samu a can saboda a gidana babu inda za ta kwanta ba tare da yara da zakaru sun dame ta ba.

Washegari na sa ta a kwali mai huji na hau Keke Napep na koma asibitin, wannan karon ban jira fiye da minti 20 ba. Likitan ya sa ni na riƙe ta a jikina, ya buɗe fiffikenta na dama kamar mafici, ya nuna mini dogayen gashin da ke can ƙarshensa, guda 10, ya ce da su kaza take tashi sama. A samansu akwai wani jeri na gajerun gashi da ya rufe tushensu, kuma bakin wannan jerin shi ne ma'auni: ana yanke dogayen ne kaɗan a ƙasa da shi, ba a matsawa kusa da fata. Kafin ya sa almakashi sai ya ɗaga fiffiken ya duba ƙarƙashinsa a hasken taga, ya ce in dubi sandar kowane gashi. Idan fara ce kamar ƙaho, gashin ya gama girma, babu jini a cikinsa, kuma yanke shi ba ya yi wa kaza zafi, kamar yankan farce ne. Idan kuwa sandar ta yi duhu, ja-ja ko shuɗi-shuɗi, to sabon gashi ne mai jini a ciki, a bar shi sai ya ƙosa, domin idan aka yanke zai yi ta zubar da jini. Ya ce idan tsautsayi ya sa hakan ta faru, a danne wurin da tsumma mai tsabta a barbaɗa garin masara. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya gama, kazar ko kuka ba ta yi ba.

Na tambaye shi dalilin da ya sa ya bar ɗaya fiffiken. Ya ce idan aka rage duka biyun daidai, kaza mai ƙarfi takan ƙara bugawa da sauri ta tashi duk da haka, amma idan ɗaya ne sai ta karkace gefe ta kasa saita inda za ta sauka. Game da figewa kuwa ya yi magana da kakkausar murya, ya ce azaba ce ga kaza, sannan gashin da aka tumɓuke yakan sake fitowa cikin ’yan makonni, alhali wanda aka yanke yana nan a gajarce har sai lokacin da kaza ta zubar da gashinta da kanta ta sake sabo. Ya gargaɗe ni cewa kazar da aka rage wa fiffike ba za ta iya tsere wa kare ko muzuru ba, saboda haka tsaronta ya koma wuyana, kuma in saukar da sandar da suke kwana a kai ta dawo kamar ƙafa 2 daga ƙasa. Ya kuma ce kajin Hausa ba su da nauyi, shi ya sa suka fi iya tashi a kan manyan kaji irin Noiler, ko Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, don haka kada in ɗauka yanke fiffike kaɗai zai wadatar.

Kafin in fito ya kawo maganar da ban zo da ita ba, wato cuta. Ya ce kazar da ke yawo gida-gida ita ke kwaso annobar da ke share akurki a lokacin hunturu, wadda likitoci ke kira Newcastle, ya kuma tuna mini cewa murar tsuntsaye da aka fara tabbatarwa a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a nan jihar Kaduna ta ɓulla, a wata gona da ke Jaji. Ya rubuta mini rigakafin Newcastle mai suna LaSota, ya ce in saya a shagon da ke ajiye shi a firji, in ɗauko shi a cikin ƙanƙara, in haɗa da ruwan rijiya mai tsabta wanda ba a zuba masa sinadarin kilorin ba, in kuma maimaita duk bayan wata uku. Duka abin da na biya a ranar, har da kuɗin mota, bai kai naira 5,000 ba.

A daren, bayan sallar isha'i, lokacin da kajin suka natsu a kan sanda, ni da babban ɗana muka ɗauki tocila muka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi yana riƙewa ni ina yankewa, kuma muka tsaya a kan fiffiken dama ga kowace domin kada mu rikice nan gaba. Sagara ɗaya muka bari saboda na ga gashi uku masu duhun sanda. Da gari ya waye muka janye duron ruwa da itacen girki zuwa jikin ɗakin girki, muka sare reshen dalbejiyar, muka ja akurkin zuwa tsakiyar fili, ƙaramin zakaran kuma na sayar da shi. Wannan aiki na safiya ɗaya, wanda ban kashe ko kwabo a kansa ba, shi ya tsayar da fitar kajin har wa'adin mai unguwa ya cika.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, domin ina fita aiki da safe, kuma yara sukan jingina benci ko keke a jikin katanga su manta. Sai na yanke shawarar yi musu kewayayyen wuri mai rufi. Na je kasuwar Panteka karo na farko ba tare da na auna filin ba, mai shagon ya tambaye ni mita nawa nake so na rasa amsa, na dawo gida hannu rabbana bayan na ɓata rabin yini. Da na koma da awo a rubuce, mita 4 a tsawo, mita 3 a faɗi, mita 2 a tsayi domin mutum ya iya shiga ya yi shara a miƙe, sai aka nuna mini waya iri biyu. Akwai siririya mai ido kamar saƙar zuma, wadda ake kira wayar kaji, tana da araha amma kare yana iya yaga ta kuma tana saurin tsatsa. Akwai mai kauri mai ido murabba'i, wadda ta fi tsada. Na sayi mai kaurin domin bango, siririyar domin rufi, tare da ƙarafan ginshiƙi da kwano 4 na hannu domin inuwa. Na zaɓi wannan girman ne saboda likitan ya ce kowace kaza tana bukatar kimanin murabba'in mita ɗaya idan za a tsare ta yini guda. Mai walda ya karɓi rabin kuɗinsa ya ce kwana uku, amma rashin wutar lantarki ya ja aikin zuwa kwana tara, sai da na ƙara masa kuɗin man janareta sannan aka gama. Kayan da aikin gaba ɗaya sun tasam ma naira 140,000. Na sa aka binne gindin wayar kimanin taƙi ɗaya a cikin ƙasa, saboda kaji suna tona rami idan suna birgima, aka kuma ɗaura robar tsohon tayar babur a ƙofar domin ta riƙa rufe kanta idan yaro ya manta da sakata.

Tsare kaza a waya ba ya kawar da abin da take fita nema, shi ya sa na kai mata shi ciki. Na ajiye tsofaffin tukwane uku a kwance a lungu mai duhu, na shimfiɗa ƙaiƙayi a ciki, na sa ƙwai ɗaya a kowace, kuma a kwana na biyu na ji wake-waken tana ƙyarƙyara a bakin tukunya. Na zuba yashi da toka a wani tsohon baho domin birgima, wanda yake rage musu ƙwarƙwata. Kowace safiya ina rataye damin zogale ko alayyahu a igiya daidai tsayin kansu, ban da dusa da tsabar masara da ruwa mai tsabta. Yawancin ganyen ma daga wurin Baba yake zuwa yanzu, wanda ya tsufa ko ya tsinke, ni kuma ina tara masa kashin kajin a buhu, yana barinsa ya ruɓe tukuna kafin ya zuba, domin ɗanyensa yana ƙona shuka. Ina sakin kajin a tsakar fili kamar awa ɗaya kafin magariba idan ina gida, saboda duhu na gabatowa da kansu suke komawa kan sanda.

Bayan kimanin wata bakwai, cikin damina, na fara ganin gashi a warwatse a cikin kejin, ƙwai kuma ya ragu. Na tsorata na kira likitan a waya, ya ce idan suna ci suna sha kuma kashinsu bai canja ba, to sake gashi suke yi, in ƙara musu abinci mai gina jiki kamar ƙuli-ƙuli da gara. Abin da na manta shi ne sabon gashin cikakke zai fito. Wata yamma da na sake su, wake-waken ta yi amfani da kwandon wanki da aka kifa kusa da katanga ta haye. Na shiga na ɗauko ta kafin ta taɓa komai, amma sai da na jira mako biyu ina tsare da ita kafin sandunan gashin su yi fari in sake yankewa.

Duk wanda ya sami kansa a halin da na shiga, shawarata gare shi ita ce ya bi matakan a juye da yadda na bi su. Ya fara zuwa wurin maƙwabcinsa da kansa tun a ɓarnar farko, kafin a aiko masa. Sannan ya zauna yini ɗaya ya ga ta inda kajin ke hawa da abin da ke jan su, ya janye duk abin da za su taka har ya yi nisan mita 2 daga katanga, ya tanadar musu wurin ƙwai da ganye, ya rage zakaru idan sun yi yawa, domin zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Bayan haka ya koyi rage fiffike a hannun wanda ya iya, ya riƙa dubawa duk wata, musamman ga sagaru, waɗanda suke sake gashi fiye da sau ɗaya kafin su fara ƙwai. Idan har zai ƙara tsawon katanga, waya mai lilo wadda kaza ba za ta iya tsayawa a kanta ba ta fi bulo amfani da araha, musamman idan aka karkatar da samanta zuwa cikin gida. Da na san haka tun farko, kuɗin bulon da na kashe da ya biya mini fiye da rabin kejin.

A watan da ya wuce wake-waken ta ƙyanƙyashe ’yan tsaki 8 a cikin tukunyarta bayan kwancin kwana 21, kuma tun a rana ta uku na ga biyu sun fice ta idon wayar mai kauri suna yawo a fili, inda shirwa ke shawagi da rana. Na koma Panteka na sayo mita 14 na waya mai ƙananan ido irin ta taga, muka zagaye gindin kejin da ita har tsayin ƙafa 2, kuma a ciki za su zauna tare da uwarsu har sai sun yi girman da ba za su iya kutsawa ba.